Ƙwai ya ƙi ƙyanƙyashewa a inji: tambayoyin masu kiwon kaji a gida da amsoshinsu

Tun da ƙananan injunan ƙyanƙyasa suka shigo gidaje a Garwa da Marwa har zuwa Kusiri da Njamena, kukan da nake ji kusan ɗaya ne: "Na zuba ƙwai sittin, goma sha biyu kaɗai suka fito, injin nan ba shi da kyau." Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa ɓarnar ta faru tun ƙwan bai ga inji ba, ko ta faru a wata rana guda da mai shi bai lura ba. Ina kiwon kaji a bayan gida a nan Garwa, a arewacin Kamaru, na yi asara, na kuma ga ta maƙwabta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ake ta maimaita mini. Roƙona ɗaya kafin mu fara: kada ka zubar da baragurbi sai ka fasa ka duba cikinsa.

Ƙwai nawa ya kamata su fito kafin in ce abin ya yi kyau?

Lissafi biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ke sa a ɗora wa inji laifin zakara. Na farko, cikin duk ƙwan da ka zuba nawa suka fito. Na biyu, cikin ƙwai masu ɗa nawa suka fito. A ce ka zuba 60, da ka haska su da tocila don ganin cikinsu ka tarar 48 ne masu ɗa, 36 suka ƙyanƙyashe. A lissafin farko kashi 60 cikin 100 ka samu, a na biyu kashi 75. Ƙwai 12 ɗin nan marasa ɗa ba ruwan inji da su, maganarsu tana akurki. Waɗansu 12 ɗin da suka fara girma suka mutu, su ne za ka bi sawunsu.

A ganina, wanda ya fitar da takwas cikin kowane goma masu ɗa da injin gida, a yanayi irin namu, ya yi aiki mai kyau. In ƙasa da rabi kake samu, akwai wata matsala takamaimai, kuma ana iya gano ta.

Kwana nawa ƙwan kaza ke yi? Zan iya haɗa shi da na zabi?

Na kaza kwana 21, na zabi 26 zuwa 28, na talo-talo 28. Ranar da ka zuba ba a lissafa ta kwana ɗaya sai awa 24 ta cika. In dole ne ka haɗa, ka riga zuba na zabi da mako guda don su fito tare, domin kwanaki ukun ƙarshe suna da nasu tsari na daban. Bayaninsa yana cikin amsar danshi da ta juyawa.

Na sayi kiret a kasuwa na zuba, ko ɗaya bai fito ba. Me ya faru?

Yawancin ƙwan da ake sayarwa kiret-kiret, irin wanda manyan motoci ke kawowa daga wajen Bafusam a yammacin Kamaru, na kajin gona ne waɗanda ba a haɗa su da zakara. Kaza tana yin ƙwai ko ba zakara, amma wannan ƙwan na ci ne, ko shekara ya yi a inji ba abin da zai fito.

Ƙwan kajin gida da ake kawowa kasuwannin ƙauye yakan zama mai ɗa, sai dai ba ka san kwanansa ba. Mai shi ya tara na mako biyu ko uku a ƙwarya, ya ɗauro a bayan babur, ya baza a rana tun hantsi. Jijjigar hanya tana kwance jakar iskar da ke cikin ƙwai, rana kuma tana tayar da ɗan ta kashe shi. Ya fi maka ka nemi mai kiwo wanda za ka je gidansa ka ga kajinsa da zakaransa da idonka. Duk ƙwan da ya yi tafiya, ka bar shi ya huta awa 12 zuwa 24, tsininsa a ƙasa, sannan ka zuba.

Ina da zakara, amma in na haska sai in ga rabin ƙwan fayau. Laifin wa?

Fara ƙirga kajinka. Zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma. In sun kai ashirin, wasu ba zai kai gare su ba. In kuma zakaru sun yi yawa, faɗa zai cinye lokacinsu. Duba shekarunsa: wanda ya haura shekara uku ƙarfinsa ya fara ja baya, ko da cararsa tana tashin unguwa. Duba ƙafafunsa, don mai ciwon ƙafa ba ya iya barbara yadda ya kamata. Zafin bazara ma yana rage ƙarfin zakara sosai. In sabon zakara ka kawo, ka ba shi mako guda tare da kajin kafin ka fara tara ƙwai.

Akwai gwaji mai sauƙi. Fasa sabon ƙwai a faranti ka nemi ɗan farin ɗigon da ke kan gwaiduwa. In ƙarami ne mai gefe a tarwatse, ba ɗa. In ya ɗan fi faɗi, zagayayye kamar zobe, akwai ɗa. Amma ka sani, ba duk ƙwan da ya fito fayau a haske ne mara ɗa ba. Wanda ɗansa ya mutu a kwana ɗaya ko biyun farko saboda mummunar ajiya haka yake bayyana, shi ya sa tambaya ta gaba take da nauyi.

Kwana nawa zan iya tara ƙwai kafin in zuba, kuma a ina zan ajiye shi?

Kada ya wuce kwana bakwai. Daga nan kowace rana tana cin wani abu daga cikin abin da zai fito, kuma tsohon ƙwai yana makara wajen fitowa. Wurin ajiya da ya dace shi ne mai sanyi tsakanin digiri 13 da 18. To ina za mu sami wannan a Garwa cikin watan Afirilu? In zafin wuri ya haura digiri 24 ko kusa da haka, ɗan da ke ciki yakan fara motsi, ba girma na sosai ba kuma ba barci ba. Kwana huɗu ko biyar a haka sun isa su raunana shi. Firji kuma ya yi sanyi da yawa.

Abin da nake yi shi ne in kwashe ƙwai sau uku a yini, in rubuta kwanan wata da fensir a kan kowanne, in jera a kiret tsini a ƙasa, in ajiye a gindin randa inda jiƙaƙƙen yashi yake. Wanda ya fi haka shi ne tukunya cikin tukunya, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe baki da ɗanyen tsumma. Ruwan kada ya taɓa ƙwan. Da rani, lokacin da iska ta bushe, wannan dabara tana sauke zafi ƙwarai. A lokacin zafi ni ba na wuce kwana huɗu, ko da inji ba zai cika ba. Rabin inji na sabon ƙwai ya fi cikakken inji na tsohon ƙwai.

Wane irin ƙwai zan zaɓa? In ya yi kashi in wanke?

Matsakaici, mai santsin ɓawo, mara tsaga. Ka bar mai girma fiye da kima (sau da yawa gwaiduwa biyu ce), da ɗan ƙarami, da mai laushin ɓawo, da mai siffa a karkace. Maganar cewa dogon ƙwai zakara ne, zagayayye kuma kaza, ba ta da tushe.

Wanki kuwa, a'a. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da ɗan ke numfashi ta cikinsu, kuma kaza tana shafe shi da wani siririn rufi mai tare ƙwayoyin cuta. Ruwa yana wanke rufin. In ruwan ya fi ƙwan sanyi ma, sai abin da ke ciki ya tsuke ya zuƙo dattin ta ƙofofin. Ɗan datti kaɗan a kankare shi a bushe. Wanda ya ɓaci sosai a kai shi madafa. Gyaran na gaskiya yana wurin da kaza ke zuba ƙwan: busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa mai tsabta, ana sauyawa.

Allon injina yana nuna 37.5 kullum. Me ya sa kake cewa in duba zafi?

Domin allon abin da ɗan ma'aunin cikin inji ya gaya masa yake nunawa, shi kuwa ma'aunin yana iya kuskure da rabin digiri ko digiri guda. A ido ba komai ba ne, a wurin ɗan tsako kwana 21 ne na wahala. Inji mai fanka yana son digiri 37.5 zuwa 37.8. Wanda ba shi da fanka, a auna daidai saman ƙwai a samu 38.5 ko kusa, saboda iska mai zafi sama take taruwa.

Sayi ma'aunin zafin jiki a kantin magani, wanda ake sa wa yara a hammata. An yi shi ne daidai don wannan zangon zafi. Sa ruwa a ƙaramin kofi mai murfi, ka bar shi cikin inji awa huɗu ko biyar, sannan ka tsoma ma'aunin ka karanta. Maimaita a tsakiya da kusurwoyi, don wani injin kusurwarsa ta fi tsakiyarsa sanyi. Duk wannan a yi shi inji ba ƙwai, kwana ɗaya ko biyu kafin zubi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar fitowa ma shaida ce. In suna fitowa tun kwana 19 ko farkon 20, zafi ya yi yawa. In sai 22 ko 23, ya yi kaɗan. In wasu sun fito da wuri wasu a makare, ko dai zafin bai daidaita a ko'ina cikin injin ba, ko ka haɗa sabon ƙwai da tsoho.

Da hunturu ina samun sakamako mai kyau, da bazara sai asara. Me ke kawo haka?

Wannan ita ce matsalar da ta fi damun mu a nan, kuma takardar da ke zuwa cikin kwalin inji ba ta cika zancenta ba. Injin gida dumamawa kawai ya iya, bai iya sanyayawa ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin Garwa da Marwa da Njamena yana haura digiri 40 a inuwa. In ɗakin da inji yake ya kai 41, cikin inji ma zai kai 41 ko ya wuce, ko da na'urar dumamawa ta kashe kanta. Ƙari a kan haka, daga mako na biyu 'yan tsakin da kansu suna fitar da zafi.

Na koyi wannan da tsada. Wata bazara na ajiye inji a ɗakin kwano da ke kallon yamma. Kwana 15, da la'asar sakaliya, na dawo daga kasuwa na ji ƙararrawarsa tana ta kuka tun daga zaure. Na taɓa ƙwai ɗaya da leɓena, na ji shi kamar goshin yaro mai zazzaɓi. Da dare na haska, mafi yawansu ba motsi. Ranar da na fasa, duk girmansu ɗaya, gashi ya fito, a rana guda suka tafi. Sanyi na 'yan awoyi jinkiri yake kawowa, amma zafin da ya haura 40.5 na 'yan awoyi kisa yake yi.

Mayar da inji ɗakin da ya fi kowanne sanyi a gidan, ɗakin ƙasa mai kaurin bango in akwai. Ajiye shi kusa da ƙasa, nesa da taga da bangon yamma. Daga azahar zuwa la'asar a rataya jiƙaƙƙen buhu a taga, a yayyafa ruwa a daɓe, a buɗe ƙofofin iskar injin duka. Mutanen Gaundare, da ke kan tudu sama da mita 1,000, wannan bai cika damunsu ba. Su sanyin dare ne ke ja musu zafin inji ƙasa.

In aka ɗauke wuta fa? Awa nawa ƙwai zai jure?

Wutar lantarkin arewacin Kamaru ta dogara sosai da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, kuma ƙarshen rani ne ruwa ke yin ƙasa, don haka kowa ya sa ran yankewa. Awa biyu ko uku ba abin tayar da hankali ba ne, kaza ma tana tashi daga kwanci ta je ta ci ta sha. Ko na tsawon dare ne, da yawa suna rayuwa, sai dai su makara. Kada ka zubar, ka haska bayan kwana biyu ka gani.

A daren hunturu ka rufe inji da bargo, ka bar ƙofar iska a buɗe, ka jingina kwalaben ruwan ɗumi a ciki ba tare da sun taɓa ƙwai ba. Da rana a bazara kuwa kada ka rufe da komai. Fanka ta tsaya, ƙwan da ya haura kwana 14 yana fitar da zafinsa, bargo zai dafa su ne. A irin wannan hali ɗaga murfi kaɗan ya fi. Kada ka kai inji rana ko kusa da garwashi. Wanda zai sayi sabo, ya nemi mai aiki da batirin mota ko na sola, ya sayi batirin tun ranar da ya sayi injin.

Danshi nawa ake so, kuma yaya zan san ya yi daidai?

Kashi 50 zuwa 55 daga farko zuwa kwana 18, sannan 65 zuwa 70 a kwanaki ukun ƙarshe. Dalilin shi ne ƙwai dole ya rasa ruwa, kimanin kashi 12 cikin 100 na nauyinsa kafin kwana 18, don jakar iskar da ke gefen mai faɗi ta yi girman da ɗan tsako zai sa baki ya ja numfashin farko. Danshi ya yi yawa, jakar ta zama ƙarama, ya huda ya tarar da ruwa. Ya yi kaɗan, ya bushe ya manne.

Ƙa'ida ɗaya ba za ta yi mana shekara ba. Da hunturu iska takan bushe ƙayau, tiren ruwa ɗaya ba ya isa. A watan Agusta kuwa cika tire biyu yana iya nutsar da su. Faɗin fuskar ruwa ne ke ƙara danshi, ba zurfinsa ba, don haka in kana son ƙari ka ƙara faranti ko ka sa soso a ciki. Ruwan ya zama mai ɗumi.

Hanyar da na fi yarda da ita sikeli ne, irin ƙaramin nan na giram. Ware ƙwai goma ka yi musu alama ka auna su tare ranar zubi. In giram 400 ne, a kwana 9 ka nemi kusan 376, a kwana 18 kusan 352. Sun fi haka nauyi, rage ruwa. Sun fi haka sauƙi, ƙara. Shi kuma ma'aunin danshi ana gwada shi da gishiri: cika murfin kwalba da gishiri, ɗiga ruwa ya jiƙe ba tare da ya narke ba, ɗaure shi tare da ma'aunin cikin leda ya kwana. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 68, ka san kullum yana rage maka bakwai.

Sau nawa ake juya ƙwai?

Da hannu, aƙalla sau uku a yini, biyar ya fi. Adadin ya zama mara, don kada ƙwai ya kwana a gefe ɗaya dare biyu a jere. Sa alama a gefe biyu da fensir, ka wanke hannu, ka haɗa juyin da lokutan salla ba za ka manta ba. Makon farko ya fi kowane muhimmanci, a nan ne ɗan ke mannewa da ɓawo in an bar shi. A daina a kwana 18. Mai inji mai juyawa da kansa kada ya saki jiki: yi wa ƙwai ɗaya alama ka leƙa safe da yamma ka tabbatar ya motsa, domin ɗan motar juyin yakan mutu shiru. In a tsaye ake jera ƙwai, gefen mai faɗi ne a sama.

Yaya ake haska ƙwai, kuma me zan nema?

Da dare, ko a ɗaki mai duhu, ɗora bakin ƙaramar tocila a gefen mai faɗi ka rufe da hannu don haske ya bi ta cikin ƙwan. A kwana 7, mai rai za ka ga jijiyoyi ja sun bazu kamar saƙar gizo, da ɗigo baƙi a tsakiya. Jan zobe da ya zagaye ba jijiyoyi alamar mutuwar wuri ce. Fayau kuwa ka riga ka sani. A kwana 14 duhu ya cika fiye da rabi. A kwana 18 duk ya yi duhu sai jakar iska. Wanda kake shakka ka yi masa alama ka sake dubawa bayan kwana uku. Wanda ka tabbatar ya mutu ka fitar, kuma ka fasa shi a ranar.

Kwana 23 ya wuce, saura da yawa ba su fito ba. In na fasa me zan karanta?

Fita bayan gida, sa leda a hannu, shimfiɗa tsohuwar takarda. Kowane ƙwai ka buɗe shi ta gefen mai faɗi, ka kasa su kashi-kashi. Aikin ba daɗi, akwai wari, akwai kuma ɓacin ran ganin ɗan tsako cikakke da bai sha iska ba. Amma minti talatin ɗin nan sun fi duk shawarar da wani zai ba ka daga nesa, har da tawa.

Gwaiduwa kawai ba alamar jini: zakara, ko ajiya. Ɗan jini ko ɗan abu kamar ƙwayar wake mai baƙin ido: mutuwar makon farko, ka tuhumi tsohon ƙwai, zafin ajiya, jijjigar hanya, rashin juyi, ko zafin inji. Mutuwar tsakiya, tsakanin kwana 8 da 17, ba ta cika yawa ba. In ka gan ta da yawa kuma girmansu ɗaya, wani abu ya faru a rana guda, ka tuna ranar da aka yi dogon yankewar wuta ko tsananin zafi. In girmansu daban-daban ne, ka duba abincin iyaye ko cuta. Baƙin ruwa mai ɗoyi kuwa datti ne ya shiga. Mafi yawa a injin gida su ne cikakku da suka mutu a kwanakin ƙarshe, su na ware musu amsa ta gaba.

Ka rubuta adadin kowane kashi a littafi, tare da watan da aka yi zubin da inda ƙwan ya fito. Sannan a zubi na gaba ka gyara abu ɗaya ko biyu kawai. In ka sauya komai a lokaci guda ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Ɗan tsako ya cika, har da gashi, amma ya mutu a ciki. Me ya kashe shi?

Duba jakar iska. Ƙarama ce, ga ruwa-ruwa a jikinsa: danshi ya yi yawa tun farko. Ta yi girma, fatar ciki ta bushe ta naɗe shi: danshi ya yi kaɗan, ko an yi ta buɗe murfi a kwanakin ƙarshe. Kansa yana wajen tsini: an jera ƙwan a kife ko ba a juya shi sosai ba. Gwaiduwa tana waje bai shanye ta ba: yawanci zafi.

In duk waɗannan lafiya, ka tuhumi iska. Mutane da yawa suna toshe ƙofofin iska don danshi ya hau, alhali a kwanakin ƙarshe ne 'yan tsaki suka fi bukatar numfashi. Ƙara ruwa, kada ka rage iska. Mai injin kananzir ya kula hayaƙin fitila kada ya shiga wurin ƙwai.

Ya huda ɓawo tun jiya bai fito ba. In taimaka masa?

Na san yadda hannu ke ƙaiƙayi in ana jin kukansa. Amma daga huda zuwa fita yakan ɗauki awa 12 zuwa 24, kuma ba zaman banza yake yi ba, yana shanye sauran gwaiduwa ne, jijiyoyin da ke jikin fatar ciki kuma suna ƙafewa. Ka ɓare da wuri, jini ya zuba ya mutu a hannunka. Buɗe murfin kuma yana busar da sauran.

In awa 24 ta wuce, ramin bai ƙaru ba, fatar ta koma ruwan ƙasa ta bushe, to ka ɗan ɓare ɓawo kaɗan kewaye da bakin, ka jiƙa fatar da ruwan ɗumi a auduga, nesa da hancinsa. Ka ga jini ko jan jijiya, tsaya, mayar da shi. Waɗanda suka riga suka fito ka bar su su bushe a ciki, gwaiduwar da suka shanye tana riƙe su har kwana biyu ba ci ba sha.

Sun fito amma wasu ƙafa a baje, wasu cibiya a buɗe. Daga ina?

Cibiya mai jini ko wadda ba ta rufe ba, yawanci zafi ne ya yi yawa, wani lokaci danshi. Jiki mai danƙo da kumburin ciki, ƙwan bai rasa isasshen ruwa ba. Ƙafa a baje sau da yawa santsin tire ne, shimfiɗa tsumma mai kaushi ko yankin buhun algarara tun kwana 18. Yatsu a nannaɗe, ko hawa da saukar zafi, ko ƙarancin sinadari a abincin uwar. In nakasa tana maimaituwa zubi bayan zubi kuma zakaranka ɗan gidan ne yana bin uwarsa da 'yan'uwansa, ka yi musayar zakara da wani gida mai nisa.

Abincin kaji da lafiyarsu suna da hannu a ciki?

Ƙwarai. Kwana 21 ɗan tsako ba shi da abinci sai abin da uwar ta zuba a ƙwan. Kazar da ke kan dusa da tsabar dawa kaɗai za ta yi ƙwai, amma ɗan ba zai kai ƙarshe ba. Da rani, da ba ɗanyen ganye ba ƙwari, a ƙara musu garin ƙananan kifi, ganyen zogale, dakakken ƙashi ko ɓawon ƙwai da aka gasa, da garin bitamin na masu ƙwai, tun mako biyu zuwa uku kafin a fara tarawa. Mu ƙasar auduga ce, abin da ya rage bayan an matse man angurya yana da araha, yana kuma yi wa shanu kyau. Ga kaji masu ƙwan ƙyanƙyasa kuwa yawansa yana cutarwa, yana ɓata launin gwaiduwa ya rage fitowa. Masara ko tunkuzar gyaɗa da ta yi fumfuna kada ta kusance su.

Cutar Newcastle, wadda ke share kaji da hunturu, ko kaza ta tsira takan yi ƙwai mai laushi ko karkatacce na wani lokaci, kada a zuba shi. Akwai kuma cututtukan da ke bi ta cikin ƙwai, alamarsu 'yan tsaki su riƙa mutuwa a makon farko da farin kashi manne a gindi. Wannan sai likitan dabbobi. Rigakafin kaji ba nisa yake da mu ba, cibiyar magungunan dabbobi ta LANAVET da ke Bokle kusa da Garwa tana yin sa.

Ƙwai ya fashe a cikin inji da mugun wari. Sauran sun lalace?

Ba lallai ba. Cire ɓaraguzan nan take, goge wurin, ware waɗanda ruwan ya ɓata sosai. Nan gaba ka riƙa sansana inji kullum, duk ƙwan da ke wari ko yake tsattsafo da ruwa a fitar da shi a hankali. Bayan kowane zubi a kwashe ɓawo da gashi, a wanke tire da sabulu, a bi da ruwan jabel (wato bilic) da aka sirka, a bar shi a buɗe ya bushe sarai, a share ƙurar fanka. Wanda sakamakonsa ke raguwa zubi bayan zubi a inji ɗaya, ya fara duba nan.

Na gyara duk wannan, har yanzu ban san ko inji ne ko ƙwan ba. Yaya zan raba gardama?

Nemi kaza mai kwanci. Daga ƙwan da ka tara, ɗebi goma ba tare da zaɓe ba ka sa mata, sauran ka zuba a inji a rana guda. In ta fitar da takwas inji ya fitar da kashi uku cikin goma, koma kan amsoshin zafi da danshi da juyawa. In ita ma uku ta fitar, bar injin ya huta, matsalar tana wurin zakara, abinci ko ajiya.

Wane lokaci ne ya fi dacewa a zuba a yankinmu?

A nan Garwa na fi samun daɗin aiki daga ƙarshen damina zuwa Janairu: kaji sun ƙoshi, ajiyar ƙwai da sauƙi, ɗaki ba ya wuce zafin inji. Sai dai a ninka kula da ruwa saboda bushewar hunturu, a yi wa iyaye rigakafi tun kafin sanyi ya shigo, a kuma tanadi wurin ɗumi na digiri 32 zuwa 35 don makon farkon 'yan tsaki. Damina ma tana yi in an rage ruwan tire, kuma lokacin ne ƙwan zabi ke samuwa. Daga tsakiyar Maris zuwa saukar ruwan farko ni nakan wanke injina in rufe shi, sai in wanda ke da ɗaki mai sanyi da batir ya ce zai gwada, shi ma nakan ce masa ya fara da ƙwai ashirin.